Saƙon da Na Rubuta wa 'Yan Aji Huɗu a Allo

Ku yi haƙuri in kun ga rubutuna a hargitse yau. Da wayar aro nake yi muku shi. Ku masu zuwa ƙasan labarina kuna cewa "ke dai kin fiye tsirfa, ki auri bawan Allah ki huta," na ji ku. Ku karanta har ƙarshe tukuna, sannan ku gaya min abin da za ku yi in ku ne.

Ga wadda yau ta fara leƙowa: ni malamar makaranta ce, 'yan aji huɗu nake koya wa karatu. Shekarata ashirin da bakwai, kuma a gidanmu wannan lambar ta zama tamkar ciwon da ake yi min jaje a kansa. Maza uku na sallama a baya, kowanne da dalilina, amma Mama ta ce dalili ɗaya ne, na cika bin diddigi. Ta ce in aka ba ni ruwa ma sai na tambayi rijiyar da aka ɗebo shi.

Sai ga Injiniya. Abokin Yayana ne, aikinsa hawa dogayen ƙarafan nan na sadarwa da saita na'urorinsu. Farar riga mai dogon hannu, guga kamar za ta yanke ka, takalmi in ya cire a bakin falo sai ya jera su daidai kafin ya shigo. Ba ya ɗaga murya. In ya zo gidanmu ba ya zama haka nan: ya ɗaure wa Mama famfon kicin, ya canja ƙwan fitilar zaure, wayar Mama ta fara maƙalewa ya karɓa ya yi mata 'yan dabaru ta dawo garau, ta Baba ma haka. Ni kuwa sabuwa fil ya kawo min, mai ruwan zinare a baya, ya ce ya riga ya saita komai don kada in sha wahala.

Amma wallahi ba wayar ce ta saye ni ba. Kulawarsa ce. Kafin in ce kaina na ciwo ya aiko yana tambaya. Ran da na yi kuka a ɗaki saboda maganar da Gwaggo ta yaɓa min a kan zaman gida, ko minti ashirin ba a yi ba sai ga saƙonsa: "Kada maganar kowa ta dame ki." Na tambaye shi ya aka yi ya sani, ya yi murmushi ya ce jikinsa ne ke ba shi. Ni kuma, mai bin diddigin nan, na narke kamar man shafawa a rana. Na ɗauka Auta ce, ƙanwata, take kai masa rahoto, har ina jin daɗi a raina cewa ya damu da ni har ya nemi mai tsegunta masa.

Baba bai taɓa matsa min ba, amma makon jiya ya kira ni falo ya rage ƙarar rediyonsa, abin da ba ya yi wa kowa.

"Uwata, iyayen yaron nan suna so su zo ranar Asabar a tsayar da magana. Ni kuma ba zan amsa musu da bakina ba sai na ji daga naki. Ki yi tunani, ranar Juma'a ki ba ni amsa."

"To Baba."

"Ki duba mahaifiyarki. Ba ta barci saboda ke."

Na riga na yanke a raina cewa e zan ce. Har atamfar da zan saka ranar na ware, shuɗiya mai zanen ganye, na ba tela ya rage min hannun.

Ranar Litinin Injiniya ya yi tafiyar aiki, ya ce sai Alhamis. Talata da safe muka kwashi 'yan kallo ni da Auta a kan dutsen guga, ita tana sauri ta tafi makaranta, ni ina sauri in tafi aiki, ga tari ya hana ni sakat. Ta ɗaga min murya, na ɗaga mata, Mama ta raba mu da ludayi a hannu. Ina cikin motar haya, ƙarfe bakwai da minti ashirin, saƙonsa ya shigo. Na karanta shi sau uku ina murmushi ni kaɗai, har matar da ke gefena ta leƙo.

Yanzu ga inda na tafka wautar da ta cece ni, ko ta jefa ni cikin masifa, har yanzu ban san wanne ba ne.

A wannan zangon ina koya wa yarana yadda ake gano abin da marubuci bai faɗa ba. Akwai kwali da na manna a bangon aji, da tambayoyi uku: me aka rubuta, me na riga na sani, to me na gano? Kuma ina da doka ɗaya da duk makarantar ta san ni da ita. In ka ce ka gano abu, sai ka taso ka ɗora yatsa a kan layin da ya ba ka hujja. Babu "ina jin," babu "wataƙila." Har a wajen wasa in wani ya ce an sace masa fensir, za ka ji yara suna cewa "ɗora yatsa!"

Ran nan injin kwafi ya lalace, labarin da na shirya bai fito ba, na cikin littafi kuma mun riga mun tatse shi. Ina zaune a ɗakin malamai saura minti biyar a kaɗa ƙararrawa, sai na tuna saƙon. In faɗa muku gaskiya, ba rashin labari kaɗai ba ne. So nake in ga kalamansa da manyan baƙi a allo, in yi ta kallonsu babu wanda ya sani. Na kwafe shi a takarda, na cire layin ƙarshe wanda ba na yara ba ne, na jefa wayar a akwatin ajiyata na kulle, don dokar makarantarmu ce malami ba ya shiga aji da waya.

Na fara ɗumama su da mai sauƙi. Na rubuta: "Ta shigo tana karkaɗe laima, takalminta duk laka."

"Ruwa ake yi!" suka haɗa baki.

"An rubuta ruwa?"

"A'a Malama, amma ga laima, ga laka!"

Na share, na ce musu yau wasiƙa ce daga wani matafiyi zuwa ga ƙanwarsa. Na rubuta ta layi-layi da lamba:

1. Na iso lafiya tun jiya. Garin da nisa, sai Alhamis zan dawo.
2. Tarin nan naki ya ƙaru, don Allah ki sha magani.
3. Ki bar wa Auta dutsen gugar, zan kawo miki naki. Ba na son ana ɗaga miki murya.
4. Ki ce wa Baba ya rage ƙarar rediyo da safe.
5. Waƙar da kike yi in kina shara ta fi min kowace waƙa daɗi.

Hannuwa suka tashi. Ɗaya ta ce wadda aka rubuta wa ba ta da lafiya, ta taso ta ɗora yatsa a layi na biyu. Wani ya ce Baban ba ya ji sosai, layi na huɗu. Wani ya ce dutsen guga ɗaya ne a gidan. Sai Dogo, wanda ke zama a baya saboda tsawonsa, ya miƙe yana danne dariya.

"Malama, wannan ba yayanta ba ne. Saurayinta ne."

Aji ya ɗauki ihu. Na ɗaure fuska, kunnuwana na zafi.

"Hujja?"

Ya zo ya ɗora yatsa a layi na biyar. "Babu yayan da ke son waƙar ƙanwarsa. Ni in tawa ta fara, fita nake yi."

Na ba shi maki, na juya ina goge alli a hannuna don kada su ga fuskata. Ina jin daɗi, wallahi ina jin daɗi. Daga nan na lura da hannu ɗaya da bai sauka ba.

Akwai wata yarinya a layin gaba, shekararta tara, 'yar firit, da gilashin ido wanda hannunsa ɗaya ya karye aka ɗaure da baƙin zare. Yara na ce mata Lauya, don ba ta yarda da magana sai ta juya ta ciki da bai. Ba ta yi dariyar Dogo ba. Allon take kallo, bakinta na motsi.

"Lauya, mene ne?"

"Malama, akwai abin da bai zauna min ba. Layi na ɗaya ya ce yana nesa. To ta yaya ya san tarin ya ƙaru?"

"Ta gaya masa a waya mana," in ji wata daga gefe.

Ban gaya masa ba. Tun daren Lahadi ba mu yi magana ba sai gaisuwa a rubuce. Amma na ce, cikin muryar malamai, "Wataƙila Autar ce take ba shi labari."

"Kin ce babu wataƙila, Malama."

Yara suka yi dariya. Ni ma na yi, ta dole.

Ta taso, ta tsaya a gaban allo, ta ɗaga ƙafa don yatsanta ya kai layi na uku. "Auta ba za ta kai ƙarar kanta ba. Ba za ta ce masa ni ce na ɗaga mata murya ba." Ta sauke yatsa zuwa na biyar. "Kuma ba a ba mutum labarin daɗin waƙa. Ji ake yi."

Waƙar nan, jama'a, ba na yin ta a gaban kowa. Muryata kamar ta tsohuwar ƙofa take. Sai na rufe ɗaki da yamma ina shara nake yin ta, ni kaɗai, waya a kan gado.

Lauya ba ta gama ba. Ta bi layukan ɗaya bayan ɗaya da yatsa.

"Tari. Faɗa. Rediyo. Waƙa. Malama, duka na kunne ne. Bai faɗi kalar kayanta ba, bai ce ta rame ba, bai ce ɗakin ya yi kyau ba. Babu abin ido ko ɗaya."

"Makaho ne!" Dogo ya yi ihu daga baya.

Ta juya ta kalle shi ta saman gilashi. "Makaho ba ya jin tari daga wani gari."

Na ji bakina ya yi tambayar da na saba, ba tare da na sa shi ba. "To me kika gano?"

"Yana jin gidan, amma ba ya ganinsa. Kuma ita ba ta san yana ji ba."

"Hujja?"

"Da ta sani, da ba ta yi waƙar ba."

Allin da ke hannuna ya karye biyu. Ban san yadda na ƙarasa darasin ba. Na tuna na ce su tafa mata, na tuna tafin ya yi min ƙara a ka, na tuna na share allon da ƙarfi har ƙura ta sa ni tari. Tana komawa wurin zamanta ta tambaye ni a hankali, "Malama, na ci?" Na ce ta ci.

Da aka fita hutun tara na shiga ɗakin malamai, na tsaya a gaban akwatin ajiyata da makulli a hannu, na kasa buɗewa. Tsoron wayata nake ji. Abin da nake kwana da shi a gefen matashi, nake shiga banɗaki da shi, nake ajiyewa a kan sallaya.

Malamar Lissafi ce kaɗai a ɗakin, tana cin gyaɗa tana makin jarrabawa. Babbar mace ce, 'ya'yanta huɗu, ba ta da tsoro ko na sisin kwabo. Ta ɗago ta kalle ni.

"Ke lafiya? Kin yi fari kamar allinki."

Na ɗora yatsa a baki. Na ja takarda na zauna kusa da ita, na fara rubuta mata. Na raba takardar gida biyu yadda nake koya wa yara: abin da ya sani, da abin da bai sani ba.

Ya san kukan da na yi ran Gwaggo. Ya san ranar da na ce wa Auta turarensa ya cika ƙarfi, don zuwansa na gaba da wani turaren ya zo. Ya san na ce ina sha'awar agogo mai siririn madauri, kwana biyu sai ga shi. Ya san wani malami ya rage min hanya ran da aka yi ruwa, ya yi kwana biyu yana amsa min da kalma ɗaya-ɗaya, ni kuma ina ta ba shi haƙuri ban san laifina ba.

A ɗaya gefen kuma: ran da butar shayi ta ƙone ni a hannu, na cije ban yi ƙara ba, bai sani ba sai da ya zo ya ga bandeji, har ya ɓata rai. Na canja labulen ɗakina, bai sani ba. Na yi wata guda ina saƙa masa hula a ɓoye, shiru, bai sani ba.

Malamar Lissafi ta karanta, ta daina taunar gyaɗa. Ta karɓi biron ta rubuta: "Shi ya ba ki wayar?" Na gyaɗa kai. Ta rubuta: "Akwai abin da ake dasawa a ciki. Gwada shi." Ta ja layi biyu a ƙasa.

Na buɗe akwatin, na ɗauko wayar da yatsu biyu na ajiye a kan tebur. Ta yi min alama da gira.

"Wash," na ce, muryata na rawa da gaske. "Haƙorin nan ya dame ni tun ɗazu."

"Wanne?" ta tambaya da ƙarfi, kamar mai wasan kwaikwayo.

"Na ƙasa, ta hagu."

"Ki daure a tashi."

Ban taɓa ciwon haƙori ba a rayuwata. Na mayar da wayar na kulle, na koma aji na ba su aikin rubutu, na zauna ina kallon agogon bango ina roƙon Allah ya sa in ji kunya. Ku yarda da ni, addu'ata ke nan: Allah ya sa yarinyar nan ta yi kuskure, Allah ya sa ni ce mai mugun zato.

Ƙarfe ɗaya saura kwata aka tashi. Saƙo ɗaya ne a wayar.

"Tun ɗazu hankalina ya ƙi kwanciya. Jikina na ba ni wani abu na yi miki ciwo. Ba haƙori ba ne kuwa?"

Na miƙa wa Malamar Lissafi. Ta karanta, ta dafe ƙirji. Ta rubuta min a bayan takardar jarrabawar wani yaro: "Kada ki nuna kin gane. Ki gaya wa mahaifiyarki yau, nesa da wayar."

A mota na riƙe jakata a cinya kamar akwai kunama a ciki. Ko tari ya taso sai in danne shi. Na amsa masa da "E wallahi, amma da sauƙi," har na sa masa hoton fure, yatsana na zamewa saboda gumi.

Ina isa gida na wuce ɗaki, na tura wayar can ƙasan kayan sawa a cikin durowa, na jibga mata zannuwan gado, na rufe durowar, na rufe ɗakin. Ko mayafi ban cire ba na nufi kicin. Mama tana zaune a kan 'yar kujera tana yanka albasa, tukunya na tafasa. Na ja ƙofar kicin na rufe.

"Ke kuma fa? Zafi zai kashe mu."

"Mama, magana zan yi miki. Don Allah ki bari in kai ƙarshe."

Na durƙusa a gabanta na zayyane mata komai, ƙasa-ƙasa. Saƙon da na rubuta a allo, Dogo da dariyarsa, yarinyar mai gilashin da aka ɗaure da zare, tari da faɗa da rediyo da waƙa, takardar gida biyu, haƙorin ƙarya. Tana ji tana yanka albasa, wuƙar ba ta tsaya ba.

"Kin gama?"

"Na gama."

"To ni ma ki bari in kai ƙarshe. Na farko kika ce yana ƙarya a kan aikinsa. Na biyu kika ce yana wulaƙanta mahaifiyarsa. Na uku na ma manta abin da kika ce. Yanzu Allah ya kawo wanda ya damu da ke har yana jin ciwonki a jikinsa, shi ne za ki zo min da maganar 'yar shekara tara? Saura kwana uku ki ba Babanki amsa?"

"Mama, ba ni da ciwon haƙori. Ta ina ya ji?"

"Wataƙila dace ne."

"Babu wata..." Na haɗiye sauran. Ba a aji nake ba.

"Ki ji tsoron Allah, Malama. Yaron nan ko kallon banza bai taɓa yi miki ba. In kika kore shi, Yayanki da wane ido zai kalle shi? Ni da wane baki zan yi wa Gwaggonki bayani? In ce wayar da ya ba ki kyauta ce take da kunne?"

Hawaye suka zubo min, ba na albasa ba. "Mama, tsoro nake ji. Wata biyar yana jin duk abin da nake yi a ɗakina. In na aure shi, ina zan je in yi numfashi?"

Wuƙar ta ɗan tsaya, sannan ta ci gaba. "Tashi ki cire kayan aiki ki zo ki taya ni."

Ban kai ga tashi ba aka turo ƙofa. Auta ce, da kayan makaranta a jikinta, riƙe da wayata.

"Yaya, wai me ya kai wayarki cikin zannuwa? Ina neman ɗankwalina na ji tana ta zuu."

Na karɓa. Saƙo ne, ya shigo minti biyu da suka wuce. Na karanta, na zauna a ƙasan kicin daɓas.

"Mene ne kuma?" Mama ta ce.

Na miƙa mata. Mama karatunta a hankali yake, da yatsa take bin layi, tana motsa baki. Ta goge hannu a zani ta fara bi.

"Ki gaishe min da yarinyar nan mai gilashin da aka ɗaure da zare. Kanta na ja sosai. Ina so in saya mata sabo, a wane layi gidansu yake?"

Yatsan Mama ya koma baya. Ya tsaya a kan "zare." Ya daɗe a wurin.

Ban taɓa yi masa maganar Lauya ba. A aji wayata tana kulle a akwati. A ɗakin malamai da biro muka yi magana, kuma ko a takardar ban ambaci zare ba. Sau ɗaya tak kalmar ta fita daga bakina, a nan kicin, ƙofa a rufe, wayata kuma tana ƙarƙashin zannuwa a wani ɗaki.

Mama da kanta ta ɗago kai a hankali, ta bi kicin da kallo, har idonta ya sauka a kan kantar kicin, gefen gwangwanin gishiri, inda wayarta take a jone tana caji. Wayar da ya gyara mata.

Na ga lokacin da ta gano. Na sha ganin wannan kallon a fuskar yara, amma ban taɓa ganinsa tare da tsoro irin wannan ba. Wannan wayar da ita take shiga ɗakin Baba. A gabanta take yi min addu'a da asuba tana kuka, tana faɗa wa Allah abin da ba ta faɗa wa kowa.

Auta ta buɗe baki, "Wai me ke..." Mama ta toshe mata shi da tafin hannu mai warin albasa. Ta miƙe, ta zare wayarta daga caji, ta haɗa da tawa, ta ɗaga murfin bokitin ruwa ta sake su ciki. Muka tsaya mu uku muna kallon hasken wayata yana rawa a ƙarƙashin ruwa har ya mutu.

"Yarinyar nan," Mama ta ce da raɗa, "gobe ki raka ta har gida da kanki. Ki ga uwarta."

Na gyaɗa kai. Na kama hannunta, sanyi ƙalau kamar nawa.

"Babanki fa? Tasa tana aljihunsa."

Kafin in amsa muka ji tsayuwar mota a ƙofar gida. Na san ƙarar injin nan. Mutumin da ya ce garin da nisa, sai Alhamis. Ko rabin awa ba a yi ba da na rufe ƙofar kicin. Muka ji sallama a zaure cikin muryar nan tasa mai sanyi, muka ji 'yar ƙarar takalmi ana jera su a bakin falo. Rediyon Baba ya yi ƙasa.

"A'a! Injiniya, kai da muke sa rai Alhamis? Shigo, shigo." Sai Baba ya ɗaga murya cike da farin ciki. "Uwata! Fito mana. Tunda ga shi ga ki, ai ba sai mun jira Juma'a ba."

Mama ta matse hannuna har zobenta ya shige min fata. Na kalli bokitin, na kalli ƙofa. Tsakanina da falo labule ɗaya ne, kuma ta ƙasansa ina hango farar safarsa, ta juyo tana fuskantar kicin.

"A bar ta ta fito a hankali, Baba," ya ce. "Yau haƙori ke damunta."